Tunkun da Na Koya wa Cin Ɗanyen Nama

Ranar wata Alhamis ce, a daminar da nake aji uku na firamare, ana tsakiyar noman firi. Alhamis ba a zuwa makarantar allo, don haka ina dawowa daga boko Inna ta ɗora mini ƙwaryar fura a ka, ta ce in kai wa Baffa Sale gona. Baffa Sale yayan babana ne, kuma shi ke riƙe da gidanmu, domin babana direban babbar mota ne, sai ya yi watanni bai leƙo ƙauyen ba. Na tarar da Baffa a gindin wani tsohon shuri, fartanya a hannu, yana haki. Ya riga ya sare uwar tunku, ya gama da 'ya'yanta biyu. Na ukun ya maƙale a bakin rami yana rawar jiki, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Na dire ƙwarya, na yi wuf na cusa shi cikin rigata. Baffa ya goge zufa da bakin hularsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɓarawon kaji ka ɗauka. To riƙe abinka. Amma ranar da ya ɗanɗani jini, ranar zan aika shi inda uwarsa ta tafi."

Na sa masa suna Ɗanlami, tunda ranar Alhamis na same shi. Maganar jinin nan kuwa ba Baffa kaɗai ke yin ta ba, duk ƙauyenmu an yarda da ita kamar an sha a nono. Wai dabbar daji in ta tashi a gida tana cin dafaffe, to ta zama 'yar gida, amma ɗanyen nama yana taɓa harshenta shi ke nan, halin iyayenta ya dawo, akurki ya shiga uku. Ba wanda ya taɓa gwadawa ya gani. Faɗa kawai ake yi, babba ya faɗa wa yaro, yaro ya girma ya faɗa wa nasa. Ga Baffa da kaji da zabi fal tsakar gida, yana ji da su fiye da yadda yake ji da mu. Saboda haka Ɗanlami ya fara da madarar akuya, ina tsoma tsumma ina matsa masa a baki. Daga nan koko da safe, fura da rana, ɗan tuwo da miyar kuka in an ci an rage. Na aje shi a wata fasasshiyar tukunya bayan ɗakin Inna, na shimfiɗa masa tsohon zanenta.

Ban taɓa samun abin da ya zama nawa ni kaɗai ba sai shi. In zan je ɗebo ruwa rijiyar bayan masallaci yana kafaɗata, in zan je yankan ciyawar awaki yana bina tsakanin kunyoyi, wutsiya a miƙe. Na sha zuwa da shi makaranta cikin jakar buhuna, kusa da littafin lissafi, har ranar da ya leƙo kai ana tsakar karatu, 'yan mata suka watse da ihu, monita ya rubuta sunana, na sha bulala a gaban aji. Ban ji zafinta ba. In muna langa a filin makaranta sai in ba Sabi'u abokina ya riƙe mini shi, yara su kewaye suna roƙon su taɓa, ni kuwa ina zaɓar wanda na ga dama.

Da aka fara yankan gero sai na ga Ɗanlami ya canza. Ciki ya kumbura kamar an hura, gashin baya yana zubewa, ƙafafun baya ba ƙarfi, yana jan su a ƙasa. Kashinsa ruwa-ruwa, ga wari. Inna ta jiƙa masa saiwa, ba ta yi ba. Ranar kasuwa na ɗauke shi a hannu, na ci karo da Tanko maharbi yana sayar da busasshen nama. Ya karɓe shi, ya buɗe masa baki da babban yatsa, ya nuna mini haƙoran nan masu tsini. "Kai yaro, dubi nan. Wannan haƙorin shan fura ne? Ku mutanen gidan Sale har tunku kun mayar jaririn goye. Ba shi fara, ba shi ɓera, ba shi ƙwai, in ba haka ba ba zai ga sanyi ba."

To ga ni a tsakiya. In na bar shi kan fura ya mutu, in na ba shi nama Baffa ya kashe. Na zaɓi in ba shi a ɓoye. Na harbo ƙadangare da danƙo, na kai masa bayan rumbu inda aka jingine karan gero. Na ɗauka zai yi tsalle ya cafke. Ina! Ya shinshina, ya ja da baya, ya juya mini ƙeya, ya lallaɓa ya nufi inda Inna ke kife ludayin fura. Na kawo fara mai rai, ya tsaya yana kallonta tana tsalle kamar ba shi aka kawo wa ba. Na kawo ɗan ɓera, ya gudu ya shige tukunya. Haushi ya kama ni, na ce to yunwa ta koya maka, na hana shi komai wuni guda. Kafin la'asar ya kwanta ya miƙe, ido a lumshe, numfashi sama-sama. Na dama fura da hawaye na ɗura masa. A ranar na gane cewa abin da dabba ta buɗe ido ta gani a ƙwarya, shi kaɗai ta sani da sunan abinci, kuma mu muka yi masa wannan, ba shi ya yi wa kansa ba.

Sai na koma wayo. In kamo fara a gona, in fige fikafikai, in niƙe ta kan dutse, in zuba ɗan kaɗan cikin furar yadda ba zai ji ba. Ranar da na cika hannu ya ƙi sha, na koma baya na rage. Haka muka yi ta yi, fura na raguwa, fara na ƙaruwa. Ranar kasuwa in tsaya wajen mahauta in taya su wankin tire, su ba ni guntun hanta. In murje ta da yatsa in shafa masa a kan hanci, dole ya lashe don ya goge. Da farko yana lasa yana atishawa, yana hararata. Daga baya ya fara bin yatsan nawa da harshe. Inna ta sani sarai, domin ta ga jini a bakin rigata, amma sai ta wanke ta shanya a cikin ɗaki. Kafin a gama ɗaurin dawa cikin ya saɓe, gashi ya fito sabo yana sheƙi, ƙafafu suka miƙe. Wata safiya ina tsugune ina wanke baki na gan shi ya shige ƙarƙashin rumbu kamar kibiya, ya fito da ɓera a baki, shi ya kama da kansa. Ban taɓa jin daɗi irin na safiyar nan ba, har yau.

A cikin kwanakin ne kazar Baffa wake-wake ta ɓace, wadda ya fi so. Aka duba akurki, aka duba maƙwabta, babu. Ina makaranta Baffa ya zagaya bayan rumbu, ya tarar da Ɗanlami yana lasar baki, jinin ɓera a gemunsa. Bai tambayi kowa ba, bai nemi ko gashin kaza ɗaya a wurin ba. Da na dawo na ga tukunya a kife. A kan juji na same shi, ƙudaje sun rufe, an raba masa kai da fartanya. Na shiga gida ina ihu, Inna ta toshe mini baki da tafin hannunta mai warin daddawa, tana cewa, "Yi shiru, Baffanka ne." Shi kuwa yana zaune kan buzu yana jan carbi, ko ɗago kai bai yi ba. Bayan 'yan makonni sai ga wake-wake ta fito daga cikin tarin kara, 'yan tsaki na biye da ita. Baffa ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Ashe kwanci ta yi, 'yar banza!" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka watsa mata tsaba.

Yau ina birnin Guangzhou na ƙasar Sin, furfura ta cika mini gemu. Karatuna bai wuce firamare ba, aikina haɗa wa 'yan kasuwar Maraɗi da Kano kaya a kasuwar tufafi ta Shahe, in ɗaure dila, wani lokaci in bi mota zuwa garin Xintang ɗauko wandunan jins. Muna haya a saman wani dogon bene, ni da matata Rabi, mutuniyar Maraɗi, da 'yarmu Hauwa wadda aka haifa a nan. Bara wata 'yar ajin su Hauwa, 'yar Sinawa, za su tashi daga unguwar, ta bar mata wasu dabbobi biyu a keji, mace da namiji. Feret ake ce musu. Dogon jiki, gajerun ƙafafu, ɗan baki mai tsini, in ka gani ka ce tunku ne aka wanke da bilicin. Da na buɗe kejin sai Ɗanlami ya faɗo mini a rai. Abincinsu wasu busassun ƙwayoyi ne a leda, kamar kashin awaki. Ba a daɗe ba macen ta rame, gashi ya dushe, gidan ya cika da wari. Hauwa ta yi mini tafinta wurin likitan dabbobi, ya ce ƙwayoyin na kyanwa ne, masu araha, rabi masara, su kuwa nama aka halicce su da ci. Ya ƙara da cewa kada mu kuskura mu bar su da yunwa. Na ce wa Hauwa ta gaya masa wannan na san shi tun kafin a haife shi.

Na je wurin mahaucin halal na unguwarmu neman zuciya da wuyan kaji. "Meyo, meyo," ya ce, wai babu, sai da na nuna masa a bokitin da ke ƙarƙashin tebur. Na niƙa a injin markaɗen Rabi, na aje musu, saura na sa a firji. Suka shinshina, suka juya mini ƙeya, suka je suna tonon kwanon ƙwayoyi. Rabi ta tsaya a ƙofar kicin, hannu a ƙugu. "Abban Hauwa, ɗanyen nama a firigona? Wallahi in suka saba da jini, yatsun yarinyar nan za su koma ci." Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, har maƙwabcinmu ya buga bango. Ta bi ni da kallo, ba ta san da wa nake faɗa ba. Na zauna a ƙasa na daka ƙwayoyin, na kwaɓa da ɗan ruwan naman, na shafa musu a hanci. Namijin ya sallama da wuri, yanzu har ƙashin wuya yake gurgura. Macen ta wahalar da mu wata da watanni, yau ta lasa gobe ta ƙi, Hauwa na lallashinta da Sinanci. Amma ta ci, ta yi ƙiba, kuma yatsun Hauwa goma suna nan cif.

Da ƙaramar sallah na kira gida, aka kai wa Baffa waya. Ya tsufa tukuf, ba haƙori, sai an ɗaga murya. Bayan gaisuwa na kasa haƙuri, na ce, "Baffa, ka tuna tunkuna da ka kashe saboda wake-wake?" Ina jin kukan zabi a bayansa. Sai ya ce, "Wane tunku kuma, ɗana? Ka taɓa kiwon tunku?"

Yanzu da yamma in na dawo daga Shahe nakan buɗe musu keji su yi ta zamiya a kan tayil, suna shiga takalmana suna fita. Ba wanda zai taɓa su a gidan nan muddin ina numfashi. Amma ba su san fara ba, ba su san ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko ba, in na ɗaga su a taga ba abin da suke gani sai wani benen. Hauwa ma haka. Wani lokaci nakan so a ce ta ga filin nan na bayan rumbu, da hasken hantsi a kan karan gero, ko sau ɗaya. Can akwai fili, rai ne aka hana Ɗanlami.