Rishon da Daidai Ya Zaɓa

Shekara ashirin da uku ke nan yana gyaran sikeli a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, shi ya sa kowa ke kiransa Daidai. Mutum ne da ba ya yarda da abu sai ya gwada shi sau uku.

Matarsa ba ta kusantar wuta. Shekara shida da suka wuce rishon kananzir ya tashi da ita, ya bar mata tabo daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannun hagu. Tun daga ranar a kan na lantarki take girki. Da 'ya'yansu suka matsa a je bakin tafki a kwana biyu cikin tanti, sai ta ce ta yarda, in dai za a samu rishon da iska ba za ta watso mata wutarsa ba. Daidai ya san in aka samu kuskure ko ɗaya, ta gama fita da su har abada. Kwana huɗu abinci bai yi masa daɗi ba.

Ranar Laraba ya rufe shago, ya saɓa fankarsa mai caji, ya nufi wajen mai sayar da kayan tafiya.

"Maigida, risho ka zo saya ko iska ka kawo mana talla?" in ji mai shagon.

"Ɗauko masu aiki da man sifirit. Duka."

Guda uku ne. Suka fita bayan shago, Daidai ya ajiye fanka taku biyu daga kowanne. Na farko ya mutu nan take. Na biyu harshen wutarsa ya kwanta gefe yana lasar hannun tukunya. Na uku yana da zagayen ƙarfe wanda tukunya ke nutsewa ciki har wuya, da tukwane biyu masu shiga cikin juna, da murfin kashe wuta. Ruwan kofi huɗu ya tafasa cikin minti goma sha ɗaya.

"Ko surukina bai bincike ni haka ba," in ji mai shagon yana naɗe masa na ukun.

Kuskuren Daidai ɗaya ne: duk gwajin nan a inuwa ya yi shi.

Washegari da tsakar rana ya shimfiɗa kayan a tsakar gida don ya nuna mata. Tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ta rungume hannuwa. Ya kunna, ya ɗora ruwa. Can sai iska ta kaɗo har ta kayar da tawul daga igiya. Ya sauke tukunya ya leƙa, bai ga wuta ba. 

"Ba komai, man ne ya ƙare," ya ce, ya miƙa hannu ya buɗe kwalbar sifirit.

"Baban yara, tsaya!"

"Ai ta mutu."

"Na ce ka tsaya! Ba ka ga iskar samansa tana rawa ba?"

Ta zaro tsinken tsintsiya, ta matso da ɗan gudu, ta miƙa shi bisa rishon. Tsinken ya kama ɓal. Wutar tana nan da ranta, hasken rana ne ya ɓoye ta. Daidai ya dubi buɗaɗɗiyar kwalbar da ke hannunsa, ya zauna daɓas a kan siminti.

"Shi ke nan, mun fasa," ya ce. "Gobe zan mayar wa mai shagon kayansa."

 Ta ɗauki murfin da yatsu biyu, ta kife shi a kan wutar, ta ja da baya. Sannan ta karɓe kwalbar daga hannunsa ta toshe.

"Rishon bai yi laifi ba, iska ba ta kashe shi ba. Kai ne mai gaggawa yau, abin da ban taɓa gani ba. Kwalbar nan a jakata za ta zauna, kuma ba mai ƙara mai sai na taɓa ƙarfen na ji ya huce."

"To za mu je ke nan?"

"Tashi ka duba igiyoyin tantin, kafin na sake shawara."