Shafin Dama na Littafin Mushe Dogo

Har gobe ranar da muka zauna gaban limamin wani ƙauye kusa da Tabla ba ta fita raina ba. A shekarar babban fari ne, shekara goma sha uku bayan 'yancin kai, ina tafinta a ɗakin shan maganin 'yan mishan a Filinge. Ku da kuka kama aikin nan yanzu, ku sani tafinta shi ne mutumin da kowane ɓangare ke zargi: Bature na ganin ka rage, 'yan'uwanka na ganin an saye ka.

Shugabana wani Bature ne da muke kira Mushe Dogo, Mushe kuwa shi ne "Monsieur" na Faransanci a bakinmu. Ban da magani, yana rubuta ɗan littafi saboda sababbin 'yan mishan da za su zo bayansa. A shafin hagu yakan rubuta abin da Musulmi suka yi imani da shi: Allah ɗaya, mala'iku, littattafai, manzanni, ranar lahira da ƙaddara. A shafin dama kuwa, amsar da za a ba Musulmi kan kowanne. Ni Musulmi ne, ni kuma nake gyara masa shafin hagu. Abin yana cina a rai, amma ina da iyali.

Ƙa'idarmu ita ce ba a sauke garin madarar agaji da muke rabawa a gari sai manya sun yarda a auna nauyin yara. Wannan ƙauye ya ƙi har sau biyu, ga yara sun rame kamar karan gero. Mushe Dogo ya ce ai ƙaddara ce ta ɗaure musu hannu, haka littafinsa ya ce. Na gaya masa ba ƙaddara ba ce, mu ne ba su yarda da mu ba.

Zuwa na uku aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar masallaci. Liman tsoho ne mai ƙarancin magana. Maimakon Mushe Dogo ya fara da madara, sai ya zaro littafinsa ya roƙi liman ya faɗi kalmar shahada a hankali. Shi ma ya maimaita ta da ƙarfi don ya rubuta daidai. Nan take wuri ya ɗauki guna-guni, wasu na cewa Bature ya musulunta. Da an bar ta haka, da magana ta ƙare a nan, an sauke madara.

Liman ya dube ni, ba Baturen ba. "Ɗana, tambai shi, da zucciya yah hwaɗa ko da baki? Kuma littahin ga, na mi ne?"

Na tambaya. Mushe Dogo bai ɓoye komai ba. Ya ce da baki ne kawai, littafin kuma don waɗanda za su zo su san yadda za su kira mutanen nan zuwa ga Almasihu ne. Ina iya cewa littafin neman ilimi ne, wa zai sani? Na tuna yaran, na dubi idon tsohon, na faɗi maganar yadda take, ban cire ko kalma ɗaya ba.

Dattawa suka fara miƙewa. Liman ya ɗaga hannu suka koma suka zauna. Sai ya juya ga Mushe Dogo ya yi masa magana da Faransanci tsaf, wanda ashe ya koya a sojan Faransa tun ba a haife ni ba. Ya ce a sauke madara, littafi kuwa ya kwana a mota.

Kafin mu fara awo, liman ya riƙe hannuna. "Shi na san abin da yak kawo shi tun hwarko. Kai nika aunawa. Da ka gyara mai magana, ko cokali guda ba ya shiga bakin ɗiyanmu."

Mun auna yara har la'asar. Mushe Dogo bai taɓa goge shafin dama ba, liman kuma bai taɓa barin littafin ya sauka daga mota ba. Abin da na koya shi ne, tafinta ba mai sasanta mutane ba ne. Ka isar da magana da ɗacinta. Ranar nan, ƙaryar da na so yi don ceton yaran ita ce za ta hana su abinci.