Daga Bron Zuwa Paris Don Ganin Gwanin Kurket

Gari bai gama wayewa ba muka bar Lyon, ni da kawuna, ran Asabar ɗin da ta wuce. Lokacin da na idar da sallar asuba a gidana na Bron tiram, jirgin ƙasan cikin gari, bai fara zirga-zirga ba, don haka shi ya taso daga unguwar Minguettes ya ɗauke ni a farar motarsa ta kaya. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Maraɗi, ɗan kasuwa, yana da kwalayen turare da atamfa da zai sauke wa wani abokin cinikinsa a unguwar Belleville ta Paris. Ni kuwa abin da zai kai ni Paris na daɗe ina jin nauyin faɗarsa gaban manya: zan je ganin ɗan wasan kurket.

Maiɗakina ta rako ni bakin ƙofa da barci a idonta. Ta ce, "In ka gan shi ka yi mana godiya da ya aje wasan nan, ko ma samu maigidanmu ya dawo."

Ku da kuke bibiyata kun san ciwon, amma bari in yi wa baƙi bayani. A Indiya na kamu, inda na yi shekara uku ina karatun kwamfuta. Wasa ne da mutum ɗaya ke jefo ƙwallo mai tauri, ɗayan yana tsaye da faffaɗan katako yana kare wasu sanduna uku da aka kafa a bayansa. A ɗakin kallo na gidan ɗalibai na fara ganin gwanina, lokacin yana saurayi siriri. Sauran ƴan wasa dukan ƙwallo suke yi, shi kuwa kamar rakiya yake yi mata, ya ɗan karkata wuyan hannu sai ka ga ta bi ciyawa ta tafi abinta. Tun daga ranar, shekara goma sha biyu ke nan, ban warke ba.

Wahalar ita ce a Faransa ni kaɗai ke ciwona. In na ambaci sunan wasan gaban ƴan Nijar, kunnensu fara yake jiyo musu, don da Faransanci haka ake kiran fara, sai wani ya tambaye ni soyayya ce ko dafaffiya. Wani wasan kwana biyar ake yi, kuma saboda bambancin lokaci sau da yawa da asuba ake farawa, don haka rabin konjen da nake samu a wurin aiki, wato hutuna na shekara, gaban allon talabijin ya ƙare. Ran da ya yi bajinta babu wanda zan runguma. Ran da aka fitar da shi da jifan farko sai in wuni a biro, wurin aikina, kamar wanda aka yi wa rasuwa, ba kuma mai yi mini gaisuwa. Shekara biyun ƙarshe su suka fi ciwo, da hannunsa ya yi sanyi, mutanen da suka yi masa kirari suka koma zaginsa a intanet, ni kuma ina ta faɗa da waɗanda ban san fuskarsu ba. Daga nan ya aje wasa. Sai kwatsam aka sanar a rukuninmu na masoya na intanet cewa zai ziyarci wani fili a bayan Paris ran Lahadi, inda baƙin haure da ma'aikata ke buga kurket. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, na kuma san in wannan ta wuce shi ke nan.

Da muka fito daga ramin da ya ratsa ƙarƙashin tudun Lyon, hazo ya kwanta a kan kogin Saône, fari fat, bishiyoyi sun fito daga cikinsa kamar ba su da gindi. Otorut ɗin, wato babbar hanyar, sumul take, motar ba ta ko girgiza, har sai na ji kamar mu ne a tsaye ƙasar ce ke tafiya. Gonakin inabi suka bi tuddai layi-layi, can kuma wasu gonaki rawaya shar har ƙarshen gani, da fararen shanu masu ƙiba suna kiwo babu makiyayi. Kawu ya daɗe yana kallonsu, ya ce da Bafulatani zai ga wannan da ya yi kuka. Ni dai duk filin da na ga ya shimfiɗu kore, a raina sai in kafa sanduna uku a tsakiya in tsayar da gwanina.

Bayan Beaune muka tsaya a wurin hutawar matafiya. Tsadar kofin wurin ta sa Kawu ya mayar da hannu aljihu, ya ce ruwan zafi bai kai haka ba ko a Makka. Ya fito da shayinsa da burodi da kilishi, muka karya a kan teburin katako, tsuntsaye na tsince mana ɓarɓashi. A kowane peyaj kuwa, shingen biyan kuɗin hanya, sai ya yi tsaki kafin sandar ta ɗaga, in ta ɗaga ya ce mata na gode.

Paris ta tarbe mu da cunkoso. Azahar ta yi kafin mu kai Belleville, unguwa mai hawa da gangara inda shagon Basine ke jingine da na Batunise, ƙamshin gasasshiyar agwagwa na karo da na na'ana'a. Mai masaukinmu, abokin cinikin Kawu, ɗan Kano ne, an yi gaisuwa ta kai minti goma, daga gajiyar hanya har lafiyar mutanen Maraɗi ɗaya bayan ɗaya. Ya kai mu wani ɗan gidan abinci na ƴan Senegal muka ci shinkafa da kifi mai jan mai. Da ya ji abin da ya kawo ni ya yi dariya har da tari, amma ya ce a makarantarsu ta kwana sun taɓa riƙe katakon nan, shi ne mutum na farko a ƙasar nan da bai ambaci fara ba.

Da la'asar na hau lambun da ke saman unguwar ni kaɗai. Daga can Paris gaba ɗaya tana ƙasa, rufin gidaje toka-toka, rana na zuba a kansu kamar zuma. Na zauna ina maimaita jawabin da na shekara da shekaru ina tsarawa da Ingilishi: yadda na san shi, yadda na kare shi, yadda wata bugarsa ta taɓa fitar da ni daga baƙin cikin sanyin farko da na yi a Lyon.

Ran Lahadi Kawu ya ce zai raka ni, wai ba zai iya gaya wa ƴar'uwarsa ɗanta ya ɓata wurin neman fara ba. Filin yana ƙarshen wani babban lambu, kewaye da dogayen bishiyoyi. Jama'a ta cika, Tamilawa da ƴan Pakistan da Afganistan da Bangladesh, masu dafa abinci a otel-otel da masu kai saƙo a keke, yau kowa ya sa fararen kaya ya zama sarki. Mata sun kafa tukwanen shinkafa mai kayan ƙamshi a gefe. Wani dattijo da ke kusa da ni ya dubi baƙar fatata, ya dubi rigar gwanin da na sa, sai kawai ya kama hannuna ya riƙe. Karo na farko ke nan a Faransa da ban buƙaci yi wa kowa bayani ba. Kawu kuwa ya ce hayaniyar ta yi masa yawa, ya zagaya bayan ɗakin ƴan wasa ya sami benci a inuwa.

Bayan azahar gwanina ya iso. Ya fi yadda nake zato gajarta, furfura ta fara cin gemunsa, yana ɗan ɗingishi. Aka roƙe shi ya karɓi katako, ya karɓa yana murmushi, filin ya yi tsit har ana jin ganye. Wani mai tuya ɗan Afganistan ya sheƙo ya jefa. Wuyan hannun nan ya karkata, ƙwallon ta bi ciyawa a hankali, ta wuce tsakanin mutum biyu kamar ta san hanya, ta zo ta tsaya ɗan nesa da ƙafata. Ƙarar katakon daban take da ta allo, ta fi taushi. Jifa shida ya karɓa, ni kuwa ban san ko na yi numfashi a tsakaninsu ba.

Daga nan aka kafa layin sa hannu. Na fi awa guda a tsaye, saura mutum bakwai a gabana aka ce ya gaji, an rufe. Wani ya yi ihu cewa motarsa na babbar ƙofa, muka kwasa a guje, har da ni mai digiri biyu. Muka yi rabin awa muna leƙen baƙin gilashi, ashe motar wani ce daban. Kafin mu dawo an ce ya fita ta baya.

Na sami Kawu a bencinsa yana naɗe ledar kilishi. Ya ce, "Mutuminka yana gaishe ka."

Na ɗauka zolaya ce. Ya ce a nan gwanin ya zauna, ya nuna gefensa, ya cire takalmi ya miƙe ƙafa, gwiwarsa ta kumbura kamar ƙwarya. Da Ingilishin Kawu na kasuwar Dubai suka yi hira kan ciwon gwiwa da man zafi. Ya ci kilishi ya sha ruwa saboda yaji. Ya ce yanzu abin da ya fi so shi ne kai ƴarsa makaranta da safe, abin da bai taɓa samun yi ba.

"Kawu, kun san ko wane ne?"

"Ba shi ne ya buga ɗazu ba? Ai ina da ido."

"To me ya hana ku kira ni?"

Ya cusa ledar a aljihu. "Na ciro salula, ɗana. Sai na dubi fuskarsa. In na kira ka za ka zo a guje, duniya kuma ta biyo ka. Amma na gaya masa ina da ɗa da ke tashi da asuba dominsa. Sai ya ce in ba ka haƙuri kan shekarun ƙarshe, shi ma bai ji daɗinsu ba."

Na juya na nufi mota. Muka kama hanyar gida, ina ta fushi har muka wuce Auxerre, ina kallon gonaki suna komawa ruwan zinariya. Can Kawu ya gyara murya ya ce in bayyana masa wasan nan tun daga farko, yana so ya gane. Na fara a daƙile, kafin Mâcon ina nuni da hannu biyu yana cewa in bar masa madubi. Ya yi tambayoyi masu ma'ana, ko da yake har yanzu bai yarda mutum mai iyali zai yi wasan kwana biyar a tashi babu wanda ya ci ba.

Magariba ta yi muka shigo Lyon, fitilu sun fara kamawa a bakin kogi. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, shekara goma sha biyu na san tsayuwarsa da bugunsa da ranakun nasararsa, amma ko sau ɗaya ban taɓa tunanin ko yana jin ciwo ba. So nake yi masa, amma so ne mai nema, kullum ina jiran ya ba ni wani abu. Har yau ban gama yafe wa Kawu ba, kada in yi muku ƙarya. Sai dai na san da ni ne a kan bencin nan da jawabina a baki, da bawan Allah bai samu ya miƙe ƙafarsa ba.