Haƙoran Inna

Akwai wata Babbar Sallah da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, Sallar da Innarmu ta fara tauna nama da sababbin haƙoranta. Kowa a gidan murna yake yi, ni kuwa kishi nake yi. Kuma ba kishin kowa ba, na ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni ce 'yar fari. Wanda ya san gidajenmu na Roni ya san abin da hakan ke nufi, balle Inna da ke da jinin Fulani. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ina kusa "ke" ce ni, in na yi nisa "waccan". Ba ta yabona a gaban mutane, ido ma ba ta cika haɗawa da ni ba. Autarmu kuwa, wadda ke aure a Kano, ko tari ta yi a waya sai Inna ta kwana tana jajantawa.

Haƙoran Inna na gaba sun zube ne ranar da ɗan acaɓa ya kayar da ita a hanyar Kazaure, na ciki kuma dama tsufa ya fara ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. An yi mata na roba masu cirewa, ta ɗan sa su ta ce yawo suke yi mata a baki, ta jefa su a kofi. Daga nan cinta ya dawo wuyana. Gidan mijina ba nisa, don haka kullum ina tafe. In dafa nama ya yi ligif in zuba a turmi in daka, in daka gyaɗa, har goro ni ke goga mata. Shekaru na yi a haka, har kafaɗata ta dama ta fara ciwo, in zan ɗaga taɓarya sai na cije leɓe. Ban faɗa wa kowa ba.

Wata rana Auta ta zo da labari. Ta ce, "Yaya, yanzu dasa haƙori ake yi. Likita zai kafa ɗan ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, a bar shi wasu watanni ƙashin ya riƙe shi, sannan a ɗaura haƙori a kai. Ba ya motsi, ba a cirewa. Ni da maigidana za mu ɗauki nauyi."

Dariya na yi. Innar da ko allura sai an haɗa da magiya? Na ce wa Auta kada ta wahalar da bakinta. Abin mamaki, da Auta ta kai wa Inna maganar, sai Inna ta ce a sa rana. Nan na fara jin abu yana ci na. Ni da nake fama da ita kafin ta haɗiyi ƙwayar magani, yau Auta ta yi magana sau ɗaya an yarda a huda ƙashi.

Aka kai ta Kano aka kafa ƙarafan, aka dawo min da ita kumatu a kumbure. Watannin jiran nan duk ni na yi su. Ni ce kunu, ni ce fate, ni ce ruwan gishiri mai ɗumi na kurkure baki. Auta tana can tana bugo waya, Inna tana "Allah ya yi miki albarka" har cajin wayar ya ƙare, ni ina tsaye a kanta riƙe da kofi.

Gab da Sallah aka ɗaura haƙoran. Ranar suyar naman layya gida ya cika, 'yan'uwa daga Gwiwa da Babura duk sun zo ganin ikon Allah. Ni kuwa saboda sabo har na daka mata nata kason na rufe a kwano. Inna ta miƙa hannu cikin soyayyen, ta zaɓi tsoka mai tauri ta gatsa, muka ji ƙarar tauna. Aka ɗauki guɗa. Ta kama hannun Auta ta shiga zuba addu'a, har da hawaye. Wata gwaggonmu ta Babura, wadda bakinta ba ya shiru, ta dube ni ta ce, "To, uwar daka, turmi ya huta, an sallame ki!" Kowa ya yi dariya, ni ma na yaƙe baki. Na miƙa wa yara kwanon dakakken naman, na zagaya bayan ɗaki wai zan yi wanke-wanke. Gaskiya a ranar ji na yi da ma haƙoran nan ba su zauna ba.

Ina cikin dirzar tukunya sai ga Auta. Ban ɗago ba na ce, "Hajiya mai haƙora, kin baro masu sa miki albarka?"

Ta tsuguna kusa da ni. Da na dube ta sai na ga idonta ya yi ja. Ta ce, "Yaya, kin san abin da Inna ta faɗa wa likita? Tana kan kujera, ya ce in tana tsoro a fasa. Ta ce, 'Yi aikinka, ɗana. Ni ba nama nake kwaɗayi ba. Waccan ce kafaɗarta ta lalace wajen daka mini, tana ɓoyewa, tana zaton ban gani ba.'" Auta ta share ido da bakin mayafi. "Ni na kai ta, ni na riƙe mata hannu, amma ke ce a ranta. Wallahi haushinki na ji tun daga Kano har gida."

Na saki tukunyar da nake dirza. Muna nan tsugune gaban ruwan wanke-wanke, kowace tana jin haushin 'yar'uwarta, sai kuka ya ƙwace mana tare.

Da na ɗauko tukunyar zan wuce ta tsakar gida, Inna ba ta ko kalle ni ba. Tana tauna ta ce, "Ke, ajiye tukunyar nan. Babu yara ne a gidan?"

Ba zan ce kishin ya tafi gaba ɗaya ba, har yau in na ji ana zuba wa Auta albarka a waya sai na taɓe baki. Amma daga ranar na daina auna ƙauna da abin da aka faɗa a gaban jama'a. Tsohuwar da ke gudun allura ta zauna an huda mata ƙashi don kafaɗata ta huta, ni kuma ina gefe ina jiran a ce min sannu.