Kalma Biyu a Ƙofar Izin

Ranar wata Talata ce, cikin watan Oktoba na shekarar da fara ta sauka a Adar, malaminmu Mushe Haruna ya jera mu biyu-biyu a bakin lakwal ya ce za mu je ganin izin, wato masana'anta. Ina aji biyar a lokacin, kuma duk ajin babu mai bakina. Tun daga ƙofar makaranta har muka fita bayan gari matattun fara muke takawa, suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmanmu, itatuwan bakin hanya kuma sun tsaya tsirara kamar an yi musu aski. Manya sun yi cirko-cirko a ƙofar gidaje, ba mai ɗaga murya. Ni kuwa ko a jikina, don ranar tawa ce. Innata a izin take aiki, kuma yau duk wanda ya taɓa ƙaryata ni zai gani da idonsa.

Izin ɗin na wani babban kamfanin ƙetare ne mai ƙera rediyo da fitilu masu cin hasken rana. Kayan cikin rediyon a warwatse ake kawo su, a nan Tawa ake haɗa su. Da za a buɗe wurin, mata aka nema, waɗanda suka iya saƙar faifai da tabarma, wai yatsunsu sun saba da ƙaramin aiki. Haka Inna ta samu shiga, ita da ko bihim ba ta sani ba a karatun boko. Babanmu ya tafi Abijan cin rani shekara uku ke nan, saƙo ma ya daina zuwa, don haka izin ne gonarmu, shi ne rumbunmu. Kullum da la'asar Inna kan dawo tana warin dalma, yatsunta duk ƙuna. In na gama ɗebo ruwa a famfo na ba akuya dusa, sai in zauna in shafa mata man kaɗe, ɗan yatsa bayan ɗan yatsa. Rediyon farko da ta haɗa da hannunta an bar mata shi, yana rataye a ƙusa a ɗakinmu. Da shi nake cika wa yara baki in muna carafke a tsakar gida, ina cewa Innata ce ke sa mutane cikin akwati su yi magana. Zali, wadda muke zama benci ɗaya, kullum sai ta taɓe baki ta ce ƙarya nake yi.

Akwai abin da na gani ban kula ba. Wajen wata biyu kafin wannan Talatar, Inna ta daina miƙo mini hannu in shafa mai. Tabon ƙunar ya warke, warin dalma ya bar zanenta. Na ɗauka ƙwarewa ce ta yi.

Da mai gadi ya buɗe mana ƙofa, abin da ya fara tarbar mu shiru ne. Inna ta sha ba ni labarin hayaniyar wurin, mata na waƙa, ana gwada rediyo goma lokaci guda. Ranar sai takunmu kaɗai muke ji. Dogayen teburan duk an lulluɓe su da leda, ƙarafunan narka dalma suna rataye, an naɗe musu waya a wuya, rabin fitilun ɗakin a kashe. Wani sabon shef, shugaban izin, da aka turo daga Yamai ya riƙa yi mana bayani da Faransanci, yana sauri kamar ana binsa. Abin da na tsinta shi ne yanzu rediyon a haɗe suke zuwa daga bakin teku, kuma wai wannan ci gaba ne. Mushe Haruna, wanda kan yi tambaya ko a kan kuɗin tumatir, sai shafa haɓa yake yi.

Can ƙarshen ɗakin muka tarar da matan da suka rage. Inna na cikinsu. Ta zaro rediyo daga kwali, ta ɓare wata 'yar takarda ta liƙa masa a baya, ta mayar da shi cikin kwali, ta zaro wani. Shi ke nan aikin. Zali ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Wanga shi na ƙirar? Ko ƙanena na iya liƙa takarda." Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Inna ta ɗago ta gan ni, ta yi murmushi, ta sauke hannuwanta ƙarƙashin tebur.

Za mu fita ke nan ta biyo ni ta ja ni gefe, wajen ƙofar biro, ofishin shef, inda aka liƙa wata takarda mai jan hatimi. Ta ce, "Ke ɗiyar lakwal, karanta mani wagga. Tun jiya anka liƙa ta, ba wanda ya hwaɗa muna komi." Na ga sunanta a jerin sunaye, na ga ranar Litinin, na ga kalmomi biyu da manyan baƙaƙe: chômage technique. Ta farkon ban taɓa jin ta ba. Ta biyun kuwa kowane yaro a Tawa ya san ta, don teknisiye su ne masu shuɗiyar riga da babur, waɗanda ake gaisarwa da hannu biyu. Mushe Haruna yana nan taku uku daga inda nake, yana ƙirga kawunanmu. Amma Zali ma tana nan, ta kasa kunne. Sai na ɗaga murya yadda za ta ji, na ce, "Inna, ran Litinin za a maishe ku teknisiye." Kafin mu kai ƙofar waje na jiyo guɗa a bayana.

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba, amma bakin da ya faɗa ya ƙi janyewa. Inna ta ƙunsa lalle, abin da ta shekara biyu ba ta yi ba saboda ƙuna. Maƙwabta suka riƙa shigowa barka, suna shafa kaina, wai ga amfanin sa 'ya mace lakwal. Duk wanda ya yaba ni sai in sulale in shige ɗaki.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, Kawu Illa, ƙanen Inna, ya zo daga Barmu da buhun gero guda a kan amalanke. Rabon Inna ne daga gonar gadonsu, abin da fara ta bari. Ya zauna a tabarma yana ba da labarin yadda suka kwana uku suna kaɗa gwangwani da hayaƙi a banza, har zangarniya ta koma sanda. Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ya juya da buhun ya kai wa ƙanwarsu Hajo, mai 'ya'ya bakwai, tun da ita Allah ya buɗa mata ƙofa. Kawu ya ce, "Yaya, shekarag ga ba a maida hatsi." Ta gaya masa zancen takarda. Ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya ce, "Ke kinka karanta?" Na ce ni na karanta. Da hannuna na riƙe masa igiyar jaki ya ɗaure buhun.

Litinin da safe na kasa daurewa. Na rubuta kalmomin a allona na kai wa Mushe Haruna. Ya ajiye alli ya tambaye ni inda na gan su. Sannan ya ce a hankali, "Ma'anarsa a zauna gida, babu aiki, sai ranar da aka kira mutum. In an kira." Ban tsaya neman izini ba, na fita da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke na bar shi a hanya. Na tarar da ƙofar izin ɗaure da sarƙa. Matan suna zaune a gindin katanga, kowacce cikin atamfarta ta Salla, mai gadi ya riga ya gaya musu abin da shef ya gaya masa. Inna na tsakiyarsu, hannuwanta jajaye da lalle a kan gwiwa. Na tsaya ina jiran mari, kuma wallahi da ta mare ni da na ji sauƙi. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta dubi ƙafata ta ce, "Ina takalminki guda? Mu tahi mu nemo shi."

Ba a sake kiran su ba. Shekarar nan mun ci tafasa, mun ci 'ya'yan anza masu ɗaci, akuya ta tafi kasuwa, rediyon ƙusa ma ya bi ta. Na roƙi Inna ta aika wa Hajo a dawo mana ko da rabin buhun, ta ce abin da ya shiga tukunyar yara ba ya fitowa. Ko sau ɗaya ba ta tayar da zancen takardar ba.

Yanzu ginin yana nan, an sake masa fenti, ya zama ma'ajiyar wayoyin hannu da faifan hasken rana. Manyan motoci su sauke kwalaye, ƙanana su kwashe, ko ƙusa ba a ƙerawa a ciki. In na gaya wa 'ya'yana kakarsu ta taɓa haɗa rediyo a nan, kallon da Zali ke yi mini suke yi. Ni kuma a asibiti nake aiki, rabin yinina karanta wa mutane takardu ne, kuma abokan aikina na yi mini tsiya wai na fi kowa yawan cewa bari in tambaya. Hausawa sun ce "ƙaramin sani ƙuƙumi ne", ni na ɗanɗana shi tun ina shekara sha ɗaya. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, kuma gidan cike yake da jikoki masu karatu. Amma duk takardar da ta shigo hannunta, sai ta naɗe ta a bakin zane ta jira ni. Har yau ba ta taɓa ba wani ya sake duba mata ba.