Kiran da Ya Ƙi Isa Kambarawa

Duk wanda ya yi aikin tarho a Katsina lokacin da arzikin mai ya ɓarke ya san Yohanna. Mutumin Filato ne, gajere, kullum da kan tarho rataye a ƙugu. Ni ina kan allon haɗa kira a lokacin, kuma ban taɓa jin ya ce gyara ya fi ƙarfinsa ba. Akwai shi da cika baki, amma fa in ya faɗa sai ya yi.

Da aka kawo sabon inji don layukan GRA, shi aka damƙa wa. Tsohon injin cikin gari kuwa yana hannun Malam Lado, wanda ya koya masa aikin. Duk kiran da zai tsallaka tsakanin gari da GRA, sai wannan injin ya miƙa wa wancan.

Wata safiya aka bugo daga Ƙofar Marusa ana neman Malam Lado. Matarsa Lailatu na naƙuda, abin ya zo da gardama, kuma an yi ta buga lambar Saratu, ungozomar asibiti da aka ja wa sabon layi a Kambarawa, ba ta shiga. Na gwada da kaina, shiru. Wallahi tausayin dattijon nan ya kama ni.

Yohanna ya ce a tura mai babur wurin Saratu, amma ya ci alwashin kafin mai babur ɗin ya kai rabin hanya wayarta za ta yi ƙara. Ya sa ni in yi ta bugawa, shi kuma ya maƙala tarhonsa yana bin kiran waya-waya. Ya ji kiran ya fita daga tsohon inji, ya shiga sabo, sai ga shi ya komo inda ya fito, ya sake fita.

Ashe Malam Lado ya tsara cewa duk lambar da injinsa bai sani ba ya miƙa wa na Yohanna, tunda sabon abu na yara ne. Yohanna kuma ya tsara nasa ya miƙa wa na Malam, tunda shi ne babba. Kunya ta hana kowa tambayar wani, layukan Kambarawa suka zama ba na kowa ba. Kamar mutum biyu a bakin zaure, kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara shiga. Kai, haushi ya kama ni.

"Malam, yau kam zan shiga gabanka," in ji Yohanna.

"Shiga, ɗana."

Ya ɗaure lambobin Kambarawa a injinsa, ya toshe hanyar komawa, ya ce in buga. Sai ga muryar Saratu. Malam Lado na tsaye a gefena, ni na yi mata bayani.

Kafin azahar aka bugo daga Ƙofar Marusa. An sami mace, uwar ma lafiya lau.