Kabarin Mai Inji

Bari in faɗa tun kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne. Kuma wawa mai ilimi, don na yi firamare a Badarawa har aji huɗu kafin mahaifina ya ga gona ta fi makaranta buƙatata. Da wannan aji huɗun na zo Kaura Namoda na zama dillalin hatsi, da shi kuma nake yi wa majalisarmu fassarar duniya. Kowa yana da rediyo, amma abin da rediyon take nufi sai an jira ni.

A rumfar Mai Inji muke zama. Mai Inji Kirista ne, mutumin Filato. Aikin reluwe ya kawo shi Kaura yana saurayi. Da jirgin ƙasa ya koma zuwa sai ya ga dama, daga baya ya daina ganin damar, sai Mai Inji ya sayi injin niƙa ya kafa a bakin unguwarmu. Ina ce masa Fasto, alhali ko a cocin nasu can baya yake zama yana gyangyaɗi, in ji matarsa. Shi kuma yana ce mini Farfesa. Duk cikinmu ba wanda ya cancanci rawaninsa.

Da soja suka koma bariki aka ce an shiga jamhuriya, ni na yi wa majalisa tafsirin kalmar. Na ce jamhuriya da jaririya uwarsu ɗaya, duk mai kunne ya ji haka. Saboda haka a yi mata haƙuri, za ta yi rarrafe, ta yi haƙora, ta miƙe. Tun daga ranar, duk bayan zaɓe sai Mai Inji ya kashe inji, ya kakkaɓe garin da ke girarsa, ya ce, "Farfesa, yaya jaririyar tamu? Ta fara takawa?"

Ni kuwa in gyara zaman hula in ce haƙora take yi, shi ya sa zazzaɓi da gudawa.

Ba a jima ba aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Kiristoci da yawa suka tsorata suka ɗaure kaya. Matar Mai Inji, wadda duk unguwa ke ce wa Mama, har ta naɗe katifa. Na shiga gidan na zauna a kan ɗaurin kayan, na ce ba inda za su, wanda duk ya taɓa Fasto ni ya taɓa. Suka dubi juna, suka kwance kaya. A wannan karon kuwa maganata ta fito: ba wanda ya taɓa shi. Abin da ya rasa bai wuce 'yar kwalbar da yake ɓoyewa bayan buhun dusa ba, ita ma ba zan rantse ta ɓace ba.

Shekarun da suka biyo baya sun yi maiƙo, kada in ci amanarsu. Manyan motoci na sauka daga Shinkafi shaƙe da gero da dawa, mutanen Nijar na zuwa da sefa a lalita, kowa ya yi waya, yara suka yi babura. Inji na ruri tun hantsi har magariba. Da layya ina aika wa Mama cinya guda. Da Kirsimeti ni ake kira in yanka musu akuya, don unguwa ta ci ba tare da shakka ba. Mu dai ba mu taɓa kiransa ya yanka mana ko zakara ba, amma a lokacin ban lura ba. In baƙo ya zo kasuwa yana zancen rigingimun addini na wasu garuruwa, sai in ja hannunsa in kai shi rumfar, in nuna masa Mai Inji kamar yadda ake nuna ingarman doki. In ce, "Ga namu nan. Ko ƙwarzane babu."

Sai aka fara da satar shanu. Aka ce rigimar Fulani ce da 'yan sa-kai, za ta wuce. Wani Bafulatani da ke kawo niƙa, yana tahowa mana da kindirmo, ya daina zuwa, har yau ban san ko kashe shi aka yi ko daji ya shiga ba. Ƙanena ya baro dawarsa tsaye a wajen Zurmi, ya zo ya tare a zaurena da iyalinsa. Noma ya koma sai da izinin masu daji, girbi ma sai da izini. Matan da ke aiko buhu suka koma aiko tiya, daga tiya aka koma rabi. Masu yi mana wannan kuwa sunayensu irin namu ne, waɗanda suka kuɓuto daga hannunsu sun ce wasunsu har salla suke yi.

Farfesa ba ya rasa abin alfahari. Na ce wa majalisa, ko ba komai, rikicinmu ba na addini ba ne.

Mai Inji ya ce, "Gaskiya ne, Farfesa. Kowa ake kashewa."

'Ya'yansa da suka koma can gida suka dame shi da waya, su dai ya taho. Mama ta sake naɗe katifa. Na sake zuwa, wannan karon ina dogara sanda, na ce an kusa sulhu, na ji a rediyo. Na kawo masa hujjoji na siyasa masu nauyi. Hujjar da ban faɗa ba ita ce majalisar ta watse, wasu sun mutu, wasu sun yi Gusau, saura ni da shi. Ya zauna.

Hawan jini ya kayar da shi a bakin inji cikin bazara, rabin jikinsa ya mutu. Bai daɗe a kwance ba. Ranar da zai cika ina zaune a gefen gadon, da hantsi. Ya buɗe ido ya ce, "Allah." Ya ɗan jima ya sake cewa, "Allah." Shi ke nan.

Sai maganar inda za a kai shi. Faston nasu na gaskiya ya zo ya zauna a ƙofar ɗaki yana share gumi. Maƙabartar Kirista tana can bayan gari, ta hanyar da masu daji suka mayar tasu. Waɗanda suka je binne gawa na ƙarshe da gudu suka dawo. Kai shi Filato kuwa, direbobin da aka tuntuɓa duk suka noƙe, ga zafi, ga babu wutar da za a ajiye gawa. 'Ya'yan na kuka a waya, ba hanyar da za su iso. Mai Inji na kwance an rufe shi da zanen Mama, rana tana ta hawa.

Na ce a bar mini. Na tafi wurin limamin unguwarmu, dattijon kirki, wanda iyalinsa suka shekara da shekaru suna cin tuwon garin injin nan. Na ce a ba mu gefe a maƙabartarmu, ko da can jikin katanga ne.

Liman ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Malam, ka san wagga magana ba ta yiwuwa. Ko ni na yarda, jama'a ba su yarda." Can ya ɗago ya ce, "Kai aka ce kana wurin. Bai yi shahada ba kahin shi cika?"

Na ce, "Ya dai ambaci Allah. Har sau biyu."

Ya ce, "Su ma ai Allah suka cewa."

Na ce na sani.

Ya ce, "To, in kana da shaidar da ta wuce wannan, ka taho da ita kahin azahar. In babu, Allah shi ba su haƙuri."

A hanyar komawa ilimina ya motsa. Na ce a raina, wanda ya ce Allah ai ya kama hanyar shahada, numfashi ne bai kai shi ƙarshenta ba. In na ƙarasa masa, wa na cuta? Za a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, unguwa duka ta bi shi, ya kwanta cikin mutanen da ya yi wa niƙa. Kafin in kai gidan har na fara jin daɗin kaina.

Na sami Mama zaune a tabarma a tsakar gida, matan coci biyu a gefenta. Na durƙusa da ƙyar, na rage murya. Na faɗa mata yadda muka yi da liman, na faɗa mata abin da zan je in ce.

"Kalma ɗaya ce, Mama. Ni zan ɗauki alhakin. Ai dama Fasto salla ce kawai ba ya yi."

Wannan yabo ne a wurinmu, mafi girman da muke da shi, kuma na sha yi masa shi yana dariya.

Mama ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, da ransa kun bar masa addininsa, ba ranar da ba ka yi mana gorin haka ba. Yau da ba shi da bakin cewa a'a za ka musuluntar da shi? Kai ka hana shi tafiya, ai sai ka riƙe abinka. Tashi ka nemo diga, a nan tsakar gida za a haƙa."